YADDA A KE MAYAR DA DANKALI DA ROGO MAN MOTA

Ya kai manomi, wataƙila ka ji ana faɗi a rediyo, ko a bakin matafiya, cewa akwai ƙasashen da a ke tuƙa mota da man da aka samu daga amfanin gona. Wannan magana gaskiya ce. Sunan man nan itanol, ana kuwa yin sa da rake, da masara, da rogo, da dankali. Wata rana wani zai iya zuwa ƙauyenku ya ce ku rage auduga ko hatsi, ku shuka masa dankali ko rogo, zai saya ya yi mai. Domin haka muka ga ya kamata ka san yadda a ke yin man nan tun daga fari har ƙarshe, ka kuma san lissafinsa, don kada a yi ciniki da kai cikin duhu.

MENE NE ITANOL?

Itanol ruwa ne garai kamar ruwan sha, amma yana kama wuta nan da nan. Ka riga ka san shi ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne cikin ruwan da malamin asibiti ya ke goge maka dantse da shi kafin ya yi maka allura. Shi ne kuma cikin ruwan goge hannu da aka yi ta rabawa a shekarar 2020, lokacin annobar korona.

Ba za mu ɓoye maka ba, shi ne abin da ke sa maye cikin giya da fito. Amma wanda a ke yi domin mota, da gangan a ke zuba masa fetur ko wani dafi tun a ma'aikata, don kada kowa ya sha. Wanda ya sha shi yana iya makancewa ko ya mutu. In kana da wata tambaya game da hukuncin noma domin wannan sana'a, malamanka suna nan kusa, sai ka kai musu bayanin nan su duba.

BA SABON ABU BA NE

Jamusawa sun daɗe da sanin man dankali. Ƙasarsu ba ta da rijiyoyin mai sosai, amma tana da dankalin Turawa jibgi. A shekarar 1925 suka kafa kamfanin da ya riƙa gauraya itanol na dankali da fetur yana sayar wa masu motoci. Mutanen Burazil kuwa, da kuɗin fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, sai gwamnatinsu ta fito da babban shiri a 1975 na yin itanol da rake. Yau fetur ɗin da a ke sayarwa a can, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu itanol ne. Amurka ta fi kowace ƙasa yin itanol, ita da masara ta ke yi. A ƙasar Sin an buɗe babbar ma'aikatar itanol ta rogo a garin Beihai a 2007, mutanen Tailan su ma suna yi da rogo.

A nan Gana, kamfanin Caltech Ventures ya kafa ma'aikatar itanol ta rogo a Hodzo, kusa da Ho, cikin Jihar Bolta. A 2011 kuma Majalisa ta yi dokar makamashi mai sabuntuwa, watau doka mai lamba 832, wadda ta haɗa da man da a ke samu daga tsire-tsire.

SITACI SHI NE TUSHEN ABIN

In ka kankare rogo ko dankali, ka wanke cikin ruwa, ka bar ruwan ya kwanta, za ka ga wani farin gari ya taru a gindin ƙwarya. Shi ne sitaci, irin wanda mai wanki ke sa wa riga ta yi ƙarfi. Akwai shi cikin dankalin Turawa, wanda a ke nomawa a wurare masu sanyi kamar tudun Jos a Nijeriya. Akwai shi cikin dankalin Hausa na wajen Bawku da Navrongo, da tumuku, da doya, da rogo, da dawa, da masara. Zafin Tamale bai dace da dankalin Turawa ba, saboda haka a wajenmu maganar dankalin Hausa da rogo a ke yi. Amma aikin duk iri ɗaya ne.

Masana sun gano cewa sitaci sukari ne, sai dai an ɗaure ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar duwatsun murjani a jikin zare. Muddin suna ɗaure ba ka jin zaƙinsu. In aka tsinke zaren, sai su warwatse su koma sukari. Gwada da kanka: ka tauna lomar tuwo ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji ta soma zaƙi. Akwai wani abu cikin miyau mai tsinke zaren nan. Masana suna kiran irin wannan abu inzayim.

To, aikin ma'aikatar itanol huɗu ne: a dafa sitaci, a mai da shi sukari, a ba yis sukarin ya mai da shi itanol, sa'an nan a raba itanol da ruwa.

AIKI NA FARI: WANKEWA DA NIƘA DA DAFAWA

Da an sauke kaya, sai a wanke su sarai, gama yashi yana cinye haƙoran inji, ƙasa kuma tana ɗauke da ƙwayoyin da za su ɓata aikin daga baya. Sa'an nan a markaɗa su, ko a niƙa in busassu ne, a dama da ruwa.

Ɗanyen sitaci yana dunƙule ne cikin 'yan ƙananan ƙwayoyi masu tauri, inzayim ba ya iya shigarsu da sauƙi. Sai an dafa. In zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, ƙwayoyin sai su sha ruwa su kumbura su fashe, abin ya yi kauri kamar talge. Ka tuna, ruwa yana tafasa a digiri 100. Kowace mace mai tuƙa tuwo ta san wannan lokaci da tukunya ke yin nauyi a hannu. Dafuwar nan tana kashe miyagun ƙwayoyi, tana kuma korar yawancin dafin da ke cikin rogo mai ɗaci. Wanda ya yi rowar wuta a nan, ya yi hasara a gaba, domin sitacin da bai dahu ba ba zai zama mai ba.

AIKI NA BIYU: MAYAR DA SITACI SUKARI

Inzayim iri biyu a ke amfani da su, ana sayensu cikin jarkoki daga kamfanonin da ke yin su. Na fari ana zuba shi talge na da zafi ƙwarai, wajen digiri 85 zuwa 90. Aikinsa ya daddatse dogayen zaren nan gajere-gajere. Cikin sa'a ɗaya ko biyu sai ka ga talge mai kauri ya tsinke ya koma ruwa-ruwa. Daga nan a huce shi zuwa wajen digiri 60, a zuba na biyu. Shi kuma ya bi guntayen yana ɓalle ƙwayoyin sukari ɗaya ɗaya, har ruwan ya yi zaƙi kamar an sa zuma.

Wannan ma matanmu sun san shi tun kaka da kakanni. Mai kunun zaƙi ta kan niƙa ɗanyen dankali ko hatsin da ya yi tsiro, ta zuba cikin kunu mai zafi, ta rufe ya kwana. Da safe kunun ya saki, ya yi zaƙi. Inzayim ɗin da ke cikin dankali da tsiron hatsi ne ya yi aikin. Shi ya sa kuma gasasshen dankali ya fi ɗanye zaƙi. Masu fito su ma abin da ke sa su jiƙa dawa ta yi tsiro ke nan kafin su dafa.

Akwai wata tsohuwar hanya ta dafa sitaci da ruwan asid, amma tana cin tukunya, tana da haɗari, an fi son inzayim yanzu.

AIKI NA UKU: TSIMAWA DA YIS

Yis ɗin nan da mai burodi ke sa wa ƙullu ya kumbura, halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Abincinta sukari. In ta ci sukari a wurin da iska ba ta shiga, sai ta fitar da abu biyu: itanol da iskar kabon. Nauyinsu kusan daidai ne, watau rabin sukarin ya zama mai, rabi ya tashi sama.

Ana huce ruwan zaƙin nan zuwa digiri 30 ko 32, a zuba yis, a rufe tanki, a bar ƙaramar kafa inda iskar za ta fita. Sai ruwan ya yi ta kumfa yana ɓulɓula kamar ana dafa shi. Bayan kwana biyu ko uku kumfa ya kwanta, zaƙi ya tafi. A lokacin nan, cikin kowace lita 100 ta ruwan akwai itanol wajen lita 8 zuwa 12.

Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya zafi. Yis ba ya son zafin da ya wuce digiri 35, in ya doshi 40 sai ya raunana ya daina aiki. Shi kansa kuma yana ta da zafi sa'ad da ya ke ci. Ka san yadda Tamale ta ke a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kai 40. Ma'aikatar da za ta yi aiki a nan lalle ta tanadi ruwa mai yawa na sanyaya tankuna. Na biyu ƙazanta. Ƙwayoyin da ke sa gasarar koko ta yi tsami, su ma sukari su ke ci. A wajen mai koko abokan arziki ne, amma a tankin itanol ɓarayi ne, gama in sun shiga sai a sami ruwan tsami maimakon mai.

AIKI NA HUƊU: RABA MAI DA RUWA

Ruwan da kashi tara cikin goma nasa ruwa ne ba ya kama wuta. Dabarar rabawa ita ce, itanol yana tafasa a digiri 78, tun ruwa bai kai nasa ba. Saboda haka in an ɗora shi a wuta, tururin da ke tashi ya fi yawan itanol. Ana bi da tururin nan cikin wata doguwar hasumiya ta ƙarfe mai hawa-hawa, a kowane hawa ruwa na komawa ƙasa, itanol na yin sama. A can bisa sai a sanyaya shi ya koma ruwa, a tare.

Ko da hasumiya ta kai ina tsawo, ba ta wuce kashi 95 ko 96 cikin 100. Wannan ya isa a sa a risho na itanol a yi girki, ya isa aikin asibiti. Amma wanda za a gauraya da fetur, sai an bi da shi ta cikin wasu 'yan tsakuwoyi na musamman masu shanye sauran ruwan, har ya wuce kashi 99. In ba haka ba, ruwan zai sa ya rabu da fetur cikin tankin mota. Ƙasashe da yawa suna gauraya lita 10 ta itanol da lita 90 ta fetur, yawancin motocin zamani kuwa suna sha ba tare da an sāke musu kome ba.

Abin da ya rage a gindin tukunya yana da yawa, ya kan kai lita 10 ko fiye ga kowace lita ɗaya ta mai. Ana ba dabbobi dusarsa, ana yin gas na girki da ruwansa. Amma in aka sake shi haka cikin rafi ko dam, ya kan kashe kifi ya ɓata ruwan sha.

LISSAFIN DA YA SHAFE KA

Yanzu sai ka kasa kunne, ga inda maganar ta zo aljihunka. Kilo ɗaya na tsantsar sitaci, ko da ba a yi hasarar kome ba, ba ya ba da lita guda ta itanol, iyakarsa kashi bakwai cikin goma na lita. To, amma dankali ba tsantsar sitaci ba ne, yawancinsa ruwa ne. Ga abin da a kan samu daga tan ɗaya, watau buhu goma masu kilo 100, in aiki ya yi kyau:

Dankalin Turawa ɗanye: wajen lita 100.
Dankalin Hausa ɗanye: wajen lita 125.
Rogo ɗanye: lita 150 zuwa 180.
Busasshen rogo ko masara: wajen lita 400.

Ɗauki dankalin Hausa. Lita 125 jarka biyar ke nan, irin rawayar nan mai lita 25. Sa'an nan itanol bai kai fetur ƙarfi ba, lita uku nasa su ne daidai da lita biyu na fetur. Ashe buhu goma na dankalinka, in an mai da su mai, ba su wuce jarka uku da 'yan kai na fetur ba.

Ka tafi kasuwar Aboabo ka tambayi kuɗin buhu goma na dankali. Ka biya gidan mai ka tambayi kuɗin jarka uku da rabi na fetur. Daga kuɗin man nan kuma mai ma'aikata zai cire na itace ko gas da ya dafa, da na inzayim, da na yis, da ladan ma'aikata, da kuɗin mota, da ribarsa. Abin da ya saura shi ne iyakar abin da zai iya biyanka. Ka gwada su biyu da kanka. Ko Jamusawan da muka ambata, man dankalinsu ya fi fetur tsada, sai da gwamnati ta tilasta wa masu sayar da fetur su saya a 1930.

Ka lura da bambancinsa da auduga. Auduga busasshiya ce, tana jira a ɗaki har ranar awo, ba ta ruɓa in ba ruwa ya taɓa ta ba. Rogo kuwa, kwana biyu ko uku da haƙa ya soma baƙi. Dankali ya fi shi jimiri, amma ƙwaro na huda shi, zafi na sa shi ruɓa. In ka cika babbar mota da ɗanyen dankali, kashi bakwai cikin goma na kuɗin motar ruwa ka biya wa. Daga Tamale zuwa Ho ya fi kilomita 400.

Inda mu mutanen arewa muka yi sa'a shi ne hunturu. In an feraye rogo an yayyanka an shanya, kamar yadda a ke yin kokonte, buhu biyu da rabi ko uku na ɗanye su kan koma buhu ɗaya busasshe, wanda zai yi watanni a ajiye. Haka ma dankali. Sai dai a shanya bisa tabarma ko daɓe mai tsabta, kada ya yi fumfuna, kada kuma ya kwashi yashi.

ABIN DA YA FARU A KAN BINI-DA-ZUGU

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A shekarar 2007 wani kamfani na mutanen Norway ya soma share daji a Alipe, wajen Kusawgu, domin ya shuka bini-da-zugu. Shi man dizal a ke yi da 'ya'yansa, ba itanol ba, amma darasin ɗaya ne. Jama'a suka yi kuka saboda kaɗanyar da aka sare, aka tsai da aikin. A 2008 kamfanin ya koma Kpachaa, a kan hanyar Yendi, ya shuka, ya ɗauki ma'aikata. A 2009 kuɗi suka yanke masa, aka sallami ma'aikata da yawa. Bini-da-zugu kuwa ba a ci, dabba ma ba ta ci.

Dankali da rogo sun fi shi a nan, gama in mai saye bai zo ba, ka ci, ka kai kasuwa. Amma in ƙauye goma suka shuka gaba ɗaya saboda alkawarin mutum guda, ya kuwa saɓa, kasuwa za ta cika, kuɗi su faɗi, saura ya ruɓe a gona.

KARAN AUDUGA FA?

Za ka iya jin an ce karan auduga ma ana yin itanol da shi. Ana yi, domin kara da ita kanta audugar da ƙwayoyin sukari aka gina su. Amma ɗaurinsu ya fi na sitaci ƙarfi nesa, dafuwa kaɗai ba ta kwance shi, sai da tururi mai tsananin ƙarfi ko asid, da inzayim masu tsada. Ko a Amurka, manyan ma'aikatu da aka gina domin yin itanol da karan masara, da dama an rufe su. Kai dai ka ci gaba da tumɓuke karan audugarka bayan tsinka, yadda Malamin Gona ya nuna maka, don kada tsutsa ta kwana a ciki har baɗi.

SHAWARWARI

1. Ka fara cika rumbu. Gonar hatsin iyali ba ta shiga wannan ciniki.

2. Ka tambayi mai saye inda ma'aikatarsa ta ke. Ku aiki mutum biyu ko uku daga ƙungiyarku su gani da idonsu tana aiki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

3. A rubuta alkawari a takarda gaban shaidu: kuɗin kilo, ranar ɗauka, ranar biya, da wanda zai biya kuɗin mota. A rubuta kuma wanda hasara za ta hau in mota ta yi latti kaya suka ruɓe.

4. Ka tambaya ko da nauyi za a saya ko da yawan sitaci. Ma'aikatu da yawa suna auna sitaci, irin da ya yi daɗi a baki kuwa ba lalle ne ya fi sitaci ba. Masu binciken aikin gona na SARI a Nyankpala sun san irin da ya dace da ƙasarmu. Matambayi ba ya ɓata.

5. Ka soma da ɗan yanki shekarar fari. Rogo da dankali suna cin ƙarfin ƙasa, ka riƙa juya gona da gyaɗa ko wake ko waken suya.

6. Kada ka fesa maganin auduga a kan dankali ko rogo, ko da ka ce na ma'aikata ne. Yaro zai iya haƙa ya ci, dusar kuma dabbobi za a ba.

7. Kada ka ba da aron ƙasa na shekaru masu yawa sai dattawa da mata masu tsintar kaɗanya sun ji, sun yarda.

8. Kada ka gwada dafa itanol a gida. Doka ta hana sai da lasin. Tururinsa yana kama wuta, harshen wutar kuwa da kyar a ke ganinsa da rana, mutum ya kan ƙone bai san wuta ta tashi ba.

In akwai abin da bai fito maka sarai ba cikin wannan takarda, ka kai wa Malamin Gona na yankinku, ku karanta tare. Ka kuma karanta wa maƙwabtanka waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.